Idona yana yawan komawa baya in ina karatu, in biya kuɗin kwas?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaliba ce ni, ina karatun lauya. In ina bitar littafi sai in ga idona ya koma kan layin da na riga na wuce. Wani ya tallata mini kwas ɗin saurin karatu, wai zai raba ni da wannan ɗabi'a har in riƙa cinye kalma 1,000 a minti ɗaya. Kuɗin kuma ba kaɗan ba. Ku ba ni shawara.

Wata malamar makaranta: Wa alaikumus salam ƙanwata, riƙe kuɗinki. Ido ba ya tafiya santsi a kan layi, tsalle yake yi ya tsaya, ya sake tsalle. Likitan ido ɗan Faransa, Louis Émile Javal, ya bayyana haka tun wajen 1879. Kowace tsayawa kusan kwatan daƙiƙa ce, kuma a lokacin ne ake ɗaukar kalma. Binciken Keith Rayner a Amurka ya nuna ko gwanaye a karatu, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tsallen idonsu baya yake komawa.

Wani ɗan uwa: Malama ta gama magana. Gwada wannan: "Garin da muka samu jiya duk tsakuwa, tuwon bai ciwu ba." Da yawa sai sun kai kan tuwo su gane ashe garin masara ake nufi, nan take ido ya juya. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, dole haka ta riƙa faruwa. Balle jimlolin doka masu "sai dai in" uku a ciki!

Wani kuma: Ni dai bin layi da biro ya taimake ni.

Malamar: Biro yana hana ɓacewar layi, ba laifi. Amma a 2014 Elizabeth Schotter da su Rayner sun rufe wa masu karatu duk kalmar da suka wuce, fahimtarsu ta ragu. Ki lura da inda idon ke komawa. In kan kalma mai wuya ne ko jimla mai sarƙaƙiya, aikinsa yake yi. In ko'ina ne, duba barcinki da wayar da ke gefenki. In kuwa haruffa na rabuwa biyu ko kanki na ciwo, je a auna idon.

Mai tambaya: Na gode Anti. Wayar ce, wallahi.