Yaya marigayiya Daso ta riƙe aure ga kuma fim? Ina neman shawararku

Maman Khairat:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da wata magana na zo, yau kwana goma tana hana ni barci.

Shekaruna 43, 'ya'yana huɗu, ɗinki nake yi a gida a nan Kano. Akwai wani yaro a layinmu, a gabana aka yanka ragon sunansa, yanzu ya zama darakta, yana shirya fim mai dogon zango irin wanda ake sakawa a YouTube. Ya zo karɓar ɗinkin mahaifiyarsa, sai ya tarar ina yi wa Khairat faɗa ta bar min shinkafa ta kama. Ya tsaya a bakin ƙofa har na kai aya, sannan ya ce, "Umma, wallahi muryar nan muke nema." Wai uwar miji suke so, wadda ta hana matar ɗanta sakat, fitowa shida. Na kore shi ina dariya. Amma da ya tafi sai na kasa taka keke, don ni na san abin da na binne. A makarantar kwana ni ce shugabar 'yan dirama, shekara biyu ina fitowa a tsohuwa, a shafa min alli a gira in riƙe sanda. Aure ya zo na ajiye, ban sake tayar da zancen ba.

Na gaya wa maigidan. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi in yi tunani, in kuma tuna ina da 'yan mata biyu da wata rana za a zo tambayar asalinsu.

Tun daga ranar 'yar fim ɗin nan Saratu Gidado, wadda aka fi sani da Daso, ce ke ta faɗo min a rai. Mu mun tashi da ita a cikin ɗakinmu tun zamanin kaset. In ta fito ta riƙe ƙugu ta zare ido ta fara zazzaga masifa, Innarmu sai ta miƙe zaune a kan tabarma tana nuna talabijin da mafici, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da matar nan. Amma ka kuskura ka ce za ka canza kaset ɗin, da kai za ta yi.

Ranar Talata 9 ga Afrilun 2024, jajiberin ƙaramar Sallah, mun taru a gidan Inna muna figar kaji, sai ƙanina ya shigo da waya a hannu ya ce Daso ta rasu. An ce ta yi sahur lafiya lau, ta koma ta kwanta, ba ta farka ba. Inna ta ajiye wuƙar da ke hannunta a cikin roba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Matar da ta shekara ashirin tana tsine mata, ita ce ta yi mata kukan da har muka koma rarrashi.

Abin da ya tsaya min shi ne, a gidan mijinta ta rasu, da aurenta, kuma har ƙarshe ba ta bar sana'arta ba. Alhali mun saba ji ana cewa 'yar fim in ta yi aure ta gama. To ta yaya ita ta haɗa biyun? Waɗanda suka san harkar daga ciki, don Allah ku yi min bayani. Ba yabo nake nema ba, gaskiya nake so ko da ɗaci.

Tsohon mai haske:

Wa'alaikumus salam Maman Khairat. Allah ya jiƙan Hajiya Saratu, ya sa can ya fi mata nan. Ni na riƙe fitila a lokeshan tun ana kai fim Kasuwar Ƙofar Wambai a kaset, har gwiwa ta ce in zauna. Bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Amsar tambayarki tana cikin ƙofar da ta shigo ta ciki. An haife ta a 1968, ta fara fim a shekarar 2000 da Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya. Ki lissafa, ta haura talatin. Ba a matsayin budurwar da saurayi zai bi cikin furanni yana mata waƙa ta shigo ba. Kishiya, uwar miji, matar uba, mai kai mutane gidan boka, nan ta kafa kujerarta, ta zauna a kai shekara 24.

Mata a harkar nan layi biyu ne. Akwai 'yan mata masu jan fim, su ne a kan fasta, su ne a rawa da waƙa, kuma su ne aure ke cirewa. Ba don an rubuta a wani littafi ba. Miji ne ba zai jure ya ga wani yana kiran matarsa masoyiya ba, ko da wasa ne, 'yan kallo ma ba za su bar shi ya sha ruwa ba. Mansura Isah da ta auri Sani Danja a 2007 ta daina fitowa ana tsakiyar yayinta, daga baya ta koma shirya fim da ayyukan taimakon marasa ƙarfi. Irinta suna da yawa. Sai layi na biyu, iyaye. Su ba mai ce musu ina sonki a gaban kyamara, da mayafinsu suke zuwa da shi suke tafiya. Da yawansu da aurensu ko da jikokinsu. Ke layin da aka kira ki ke nan, don haka ta wannan fuskar ban ga abin tsoro ba.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne wahala da kuɗi. Za a ce miki ƙarfe tara, ki zo ki sami benci ki zauna. Ba wuta, janareto ya ƙi tashi, jaruma ba ta iso ba, masu gidan da aka ara sun ce a dakata maigida yana barci. Na sha ganin dattijuwa da dardumarta da fulas ɗin shayinta tun hantsi, ba a ɗauki fitowarta biyu ba sai bayan la'asar. Fitowa shida da yaron ya ce miki tana iya cin kwana ɗaya, tana iya cin huɗu. Wa zai ɗora miki tukunya a ranakun? Wa zai ɗauko ƙaramin daga islamiyya? Auren da na ga fim ya girgiza, yawanci ba kishi ne ya fara taɓa shi ba, dawowar dare ce.

Kuɗi kuwa, kin tuna hirar da dattijuwar 'yar fim Ladin Cima ta yi da BBC Hausa a farkon 2022, inda ta ce wani lokaci dubu biyu zuwa biyar ake sallamarta da shi? Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka fito suka ce su sun biya ta fiye da haka nesa ba kusa ba, Naziru Sarkin Waƙa ya tsaya mata, gari ya ɗauka. Ni ba zan raba wannan gardama ba. Abin da na sani, iyaye ba sa samun rabin abin da masu jan fim ke samu. Kada ki saki kekenki.

Ki kuma tambayi yaron ko yana da rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, kuma ko yana kai aikinsa a duba kafin ya saki. A 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan rashin kai su tacewa, har da manya. Ki yanke kuɗinki da shi tun kafin ki sa ƙafa, a gaban maigidanki. Maƙwabtaka daban, aiki daban.

Hajiya ta Damagaram:

Sannu ƙanwata. Ni zan faɗi wadda ba za ki so ba. Mu nan Nijar mun so Daso ƙwarai, ranar da ta rasu har gaisuwa mata suka riƙa yi wa juna kamar 'yar gida. Amma so daga nesa daban ne da zama da abu a cikin gidanka.

Maigidanki ya faɗi magana mai nauyi, kada ki tsallake ta. Mutanenmu har gobe ba su gama raba wasa da hali ba. Wadda ta fito a muguwa, a kasuwa ma da sunan muguntar ake kiranta. Ke babba ce, kina iya shanyewa. Khairat fa? Ranar da za ta shiga aji wata ta ce mata ga 'yar mai gallaza wa suruka, ke kina gida ba ki ji ba, ita za ta haɗiye. Ranar da dangin wani yaro za su zo bincike, wata gwaggo za ta ce ai uwar 'yar fim ce, ba za ta tsaya tambayar wane layi ba.

Kuma zamanin ya sauya. Da kaset ne, ya tsufa ya tsinke a manta. Yanzu yaro zai yanko daƙiƙa talatin inda kike zare ido, ya saka a TikTok ya ɗora masa abin da ya ga dama, ya zagaya har wayar surukanki. Ba ki da ikon janye shi.

Ban ce haramun ba ne, wannan na malamai ne. Cewa na yi ba ke kaɗai za ki biya kuɗinsa ba, don haka ba ke kaɗai za ki yanke ba. Ki zaunar da 'yan matan nan ki tambaye su, ki kuma ba su damar su ce a'a.

Ummi 'yar Kaduna:

Hajiya, da girmamawa, na yarda a tambayi yara, amma ban yarda 'ya'yan 'yar fim a ƙasa suke ba. Marigayiya Zainab Booth da ta rasu a 2021 uwa take fitowa, ta kuma tashi 'ya'yanta a gabanta, ga Maryam ga Amude, suka bi sawunta ba tare da sun ɓoye sunan gidansu ba. Marigayiya Hauwa Maina da ta rasu a 2018, 'yarta ce Maryam Bukar Hassan, wadda ake kira Alhanislam, mai waƙen baka da Turanci da ta tsaya a manyan tarukan duniya. Duk inda ta je da sunan mahaifiyarta take alfahari.

Ita kanta Daso, duk muguntar da ta yi a fim, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu ya ɗauke ta Jakadiya. Fada ba ta jawo mutum kusa sai ta san halinsa na zahiri. Ashe akwai masu iya rabewa.

Ni abin da ke ci min rai, in matan kirki masu hankali duk suka ƙi fitowa, wa zai fito a uwa? Sai a ɗauko yarinya 'yar shekara 25 a ɗaura mata ɗankwali a ce ita ta haifi mai gemu, mu zauna muna ƙorafi fim ya lalace. Anti, ki karanta labarin tukuna. In rubutun banza ne ki mayar masa.

Maman Khairat:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba mai haske, maganar dawowar dare ta shige ni fiye da komai. Hajiya, na bi shawararki. Daren jiya bayan isha'i na kira su biyun ɗakina. Ƙaramar ta hau tsalle. Khairat ta yi shiru tana murza bakin hijabinta, can ta ce ba ta hana ni ba, amma kada in yarda a sa ni zagin iyayen wani ko zuwa wurin boka. Na ce ta faɗi, kuma na riƙe.

Yau da safe na tafi wurin Inna, don in ita ta ce a'a magana ta mutu. Na same ta tana tsince wake a faranti. Na kwashe komai na gaya mata, har irin matar da ake so in zama. Ba ta ɗago ba. Sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba, na ce Inna, me ya sa kike tsine wa Daso amma ba kya bari a kashe?

Ta daɗe kafin ta amsa. Ta ce shekara tara ta yi a gidan kakanmu kafin Baba ya yi nasa ginin, kuma duk abin da matar nan take yi a talabijin an yi mata shi, har kulle ɗakin hatsi a tafi da mukulli tana da goyo. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Baba, don a lokacin ba a kai ƙarar uwar miji. Ta ce ranar da ta fara ganin Daso ta yi, sai ta ji kamar wani ya leƙa ta katanga ya ga abin da ya faru, ya fito ya faɗa wa duniya. Allah ya isan da take yi, ba da Saratu take ba.

Ni shekara 43 ina gaban matar nan ban san wannan ba.

Da zan tafi ta raka ni har zaure, abin da ba ta saba ba. Ta ce in zan yi, in yi shi da gaske yadda mai irin halin za ta gani ta ji kunya, kada in je ina sassautawa don a ce ina da kirki.

Maigidan ya ce yaron ya zo ranar Asabar da rubutun gaba ɗaya da takardar rajistarsa, a zauna a falo. Sharaɗinsa biyu, kada magariba ta same ni a waje, kuma ƙanwarsa ce za ta riƙa raka ni. Baba mai haske, nawa ya kamata in ce masa a kan fitowa shida? Ina da ɗinkin biki kala goma sha ɗaya da zan ture saboda shi, ba na so in faɗi abin da ko kuɗin zare ba zai mayar ba.