Masu LaTeX don Allah, saƙon kuskurena ya ƙi tsayar da kowa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan aka ɗora min haɗa class ɗin LaTeX (manhajar tsara rubutu), wato fayil ɗin tsarin da ɗalibanmu za su riƙa rubuta furojet da shi, ni da na koyi LaTeX da kaina lokacin mastas, da dare nake yi in an kawo wuta. Damuwar ita ce duk wanda ya juya rubutunsa zuwa PDF da injin pdflatex maimakon injin XeTeX sai ƙ da ɗ da ɓ su ɓace, wata ta kawo min babi guda "ƙasa" ta koma "asa" ko'ina. Don in gargaɗe su na sa saƙon \ClassInfo babu wanda ya gani, na mayar saƙon kuskure na \ClassError, a Overleaf (shafin intanet da ake rubuta LaTeX) PDF ɗin yana fita duk da jar alamar. Litinin za su miƙa, ya zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam ai \ClassInfo a log (fayil ɗin rahoton juyawa) kaɗai yake rubutu, wane ɗalibi ke buɗe log? Overleaf kuma ba ya tsayawa kan kuskure, wucewa yake. Ka ɗora iftex mai gane injin da ake juyawa da shi, ka sa \RequireXeTeX a saman class, in ba da XeTeX aka juya ba aikin ya tsaya cak, shi ke nan.

Maman Yara: Ku ma kun ji daɗi, nawa sufabaizan sai da na gama babi huɗu ya ce Word yake so, har yau abin na ci min rai.

Ɗan Lissafi: Ni dai \ClassWarning zan ba da shawara, yana fitowa har da lambar layi, kar a tsorata yara ana saura kwana uku.

Injiniya: Wanda bai ji tsoron jar alamar kuskure ba zai ji na ruwan ɗorawar gargaɗi? Kuma Malam \ClassError gida uku gare shi, suna, saƙo, sai bayanin da ke fita in an danna h, ka tabbata ka cika na ukun? Umarni a cikin saƙo sa masa \protect, sabon layi \MessageBreak.

Mai tambaya: Na cika yallaɓai. Amma ban son tsayar da shi gaba ɗaya, wasu Turanci zalla suke rubutawa, pdflatex ya fi musu sauri kuma kwamfutocinsu tsofaffi ne.

Injiniya: To ai ka riga ka yanke, me kake tambaya?

Ɗan Lissafi: Malam turo layukan mu gani tukuna, font ɗin ma wanne ka sa?