Masu sana'ar kansu: mota ta haya ko a daure a saya?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma yanzu yawancin cinikina na kaiwa ne, Gumel, Haɗeja, wani lokacin har Maigatari. Kuɗin shata ya fara isata. Na ɗan tara wani abu, amma in na zuba shi a Sienna, shago zai rame. Wani kuma ya ce in karɓi mota haya kawai. Wanda ya taɓa ɗaya daga ciki, don Allah ya ba mu labari.

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni na sha hayar nan a Abuja. Corolla na karɓa a hannun wani Alhaji ina aikin Bolt, balas duk ranar Asabar. Da farko daɗi, ban fitar da ko sisi ba sai mai tsaya mini. Amma balas bai san zazzaɓi ba, bai san layin gidan mai ba. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, Alhaji kuwa bai rage komai ba. Inda muka ɓata shi ne gyara. Da baki muka yi cewa ƙaramin gyara nawa ne, babba nasa. Ranar da kwamfiresan AC ya mutu sai ya ce ƙaramin gyara ne. Duk abin da za ku yi, ku rubuta shi ɗaya bayan ɗaya, taya, batir, giya, inji, a sa shaidu.

Maman Ilham: Ni abincin biki nake yi, kuma saya na yi, Sharon, tun dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati. Shekarar na ji jiki, har odar da na riƙa mayarwa saboda babu kuɗin sayen kayan miya da yawa. Amma da dala ta wuce 1,500 a 2024, wani dillali ya taya ta sama da yadda na saye ta, bayan duk man ja da miyar da ta sha a kujerun baya. Da haya nake yi, da tuni an ninka mini. Sai dai ka sani, Malam, kuɗin da aka taya ba riba ba ce, don ko na sayar ba zan iya sayen irinta ba.

Sarkin Giya: Bakanike ne ni, kullum ina hanyar Kofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano. Motar da ta yi yawon balas tun daga ƙofar gareji nake gane ta: an cire tamostat, baƙin mai ya zama kamar kwalta, an ɗaure bamba da waya. Mai haya ba ya tausayinta, mai ita ba ya son kashe kuɗi. In saye za ka yi, tafi da bakanikenka, ba na dillali ba. Kuma ka duba takardar kwastam da kyau. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, saboda haka duk wanda ya ce maka «'yar Kwatano ce, da araha», tambaye shi ta ina ta biya fito.

Abu Sumayya: Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba. Na ɗauki tawa ta bankin Musulunci. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ da Lotus suka biyo baya. A murabaha banki ne zai sayi motar ya sayar maka da riba sananniya, kana biya wata-wata, farashin ba ya motsi ko naira ta faɗi. A ijara kuwa motar ta banki ce kana hayarta, a ƙarshe ta dawo hannunka. Abin da ke kayar da irinmu marasa albashi shi ne shaidar shigar kuɗi. Ni ɗinki nake yi, kuɗina a aljihu suke kwana, sai da na koma sa kwastomomi suna turowa asusu kafin maganata ta karɓu. Kuma za a nemi ka ajiye kaso na kuɗin tukuna.

Baban Walid: Na manta. Ka kiyayi biya kaɗan-kaɗan na 'yan kasuwa in babu sharaɗin abin da zai faru idan ka gaza. Wani abokin aikina ya biya fiye da rabin kuɗin, matarsa ta kwanta asibiti, ya yi fashin 'yan makonni. Ta tiraka, na'urar bin diddigin mota, aka kashe motar a bakin masallaci. An ce duk abin da ya biya kuɗin haya ne.

Hajiya Babba: Ɗana, kai fa ba direba ba ne, ɗan kasuwa ne. Kwana nawa a mako kake fita? In bai wuce ranar kasuwar Maigatari da wata rana guda ba, sauran kwanakin motar na ƙofar gida tana cin inshora da takardu, 'yan uwa na aro zuwa ɗaurin aure. Ni direba ɗaya na riƙe a tasha, mun yanke farashi, kuɗina na cikin kaya suna juyawa.

Ɗan Kwari: Na gode, Allah ya saka. Hajiya, gaskiya sau biyu ne, sai gab da salla ake yin kullum. Sarkin Giya, in har na yanke saye, Sienna ko Sharon?

Sarkin Giya: Sienna ta fi shan mai, Sharon ta fi son bakanike. Ga hanyar Haɗeja da dilolin shadda, ni Sienna zan ce, amma ka sa a ƙara mata ƙarfin sifirin na baya.