Inshorar yaran talakawa: wa zai biya?

Baban Khalifa: Ni dai har gobe ina kan bakana, maganar inshorar lafiya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 zancen kamfen ne. Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, a 2022, aka ce asusun masu rauni zai ɗauki mutum miliyan 83, to ina kuɗin? Takarda ba ta sayen maganin maleriya.

Maman Ummi: Haba Baban Khalifa, ai an rubuta inda kuɗin zai fito. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, shi ne BHCPF ɗin nan, asusun kula da lafiya a matakin farko, kusan rabinsa na inshora ne. Ka ce ya yi kaɗan in yarda, amma kar ka ce babu.

Baban Khalifa: Sai 2018 fa aka fara saka shi a kasafi, Hajiya. Kin tayani magana ne ma.

Anti Nas: Ku bari ku ji daga bakin mai aikin. A ɗan asibitin da nake uwa za ta shigo da yaro jiki rau da zafi har yana jijjiga, a ce gwajin jini da allura, ta kwance bakin zane ta ƙirga abin da ke ciki ta ƙara ƙirgawa, sai ta ce bari ta je ta dawo, kuma kemis za ta nufa a ba ta na ɗari biyar, bayan kwana biyu a dawo da shi jini ya ƙare sai ƙarin jini. Wanda sunansa ke cikin tsarin kuwa da wuri ake kawo shi. Ba su da yawa ne kawai.

Na Maraɗi: Anti gaskiyarki, amma mu mun ga irin wannan tsarin. Tun 2006 zamanin Tandja aka ce yara ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar, mata suka cika gidajen likita, gwamnati ta yi ta jinkirin biya bashi ya taru, ƙarshe ganin likita kyauta, magani kuma a rubuto maka ka je ka saya.

Baban Khalifa: Yauwa! Allah ya yi maka albarka.

Malam Sabi'u: Wannan hujjar ai a kanka take Alhaji. Abin da ya kayar da su rashin keɓaɓɓen kuɗi ne. Ghana da suka kafa tasu a 2003 haraji suka ɗora na kashi 2.5 a kan kaya don inshora, 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin shekara. Mu ma an sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba, me zai hana a ce na yaran nan ne?

Baban Khalifa: Lemon wa ke sha, ba talakan ba? A cire daga aljihunsa na dama a zuba a na hagu. Kuma Ghanar ma asibitoci na kukan ba a biyansu kan lokaci.

Maman Ummi: To yanzu ma ai shi ke biya, sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita, kuma ranar da ciwo ya zo ake nema. Gara na lemon.

Anti Nas: Ni a biya mu kan lokaci kawai, ko daga ina ne. Na tafi, ina da aikin dare.