Littafin katun na dabbobi jarumai, in sai ma ɗan aji uku ko ɓata kuɗi ne?

Maman Sadiq, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nike nema wajen iyaye da malaman firamare. Yarona yana aji uku, karatu bai dame shi ba sam, da ka miƙa mai littafin makaranta sai hamma sai Mama kaina ke ciwo, to kwanan nan wani ɗan ajinsu ya zo da littafin katun na wani kare ɗan sanda mai kama ɓarayi ana ta shirme ana dariya, tun ranar ba ni da sakat sai na sai mai nashi. Wannan karatu ne ko wasa ne da zai ƙara shagaltar da shi? Sannan akwai irinsa da Hausa? don turancin nashi da saura. Babansu dai ya ce asarar kuɗi ce.

Malam na Tudun Wada, Gusau:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ina jin Dog Man kike nufi, wani ba'amurke Dav Pilkey ke zana shi, na farko ya fito 2016. Shi kanshi mutumin yana yaro karatu wahala yake ba shi, ga rashin zama wuri ɗaya, malamai su koro shi waje, to a bakin ajin nan ya fara zane-zanensa, shi ya sa littafin ya san lagon yaron da ke gudun karatu. Magana gajera ce a ɗan zagaye saman kan mai yin ta, in kalma ta gagari yaro hoton zai faɗa mai abin da ke faruwa, kafin ya ankara ya cinye shafi goma, kuma wanda bai taɓa gama littafi ba ranar da ya gama ɗaya wallahi har tafiyarsa sai ta canza. Amma fa kar ki miƙa mai ki tafi kicin, na sha ganin yara a ajina suna kyalkyala dariya in na ce karanta min sai shiru, ashe hoto kawai suke bi. Ki zauna da shi bayan magariba, ke ki ɗauki muryar mugun magen da ke cikin labarin shi ya ɗauki sauran. Kuma ki fara dubawa da kanki don barkwancin Turawa na yara akwai maganar tusa da bayan gida da yawa, wani gidan ba za a lamunta ba.

Ɗan Kabi, Argungu:
To ni dai Malam ban da ja da kai amma mi ag gamin ɗiyanmu da mutum mai kan kare? don haka labarin yake, an ɗinke kan kare bisa jikin ɗan sanda, ranar da kakar yaro tag gani sai an yi taron dangi. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi, ga Kura sarkin kwaɗayi da kullum ita ka shan kashi, ga Dila malamin daji, ga Zomo, wa ya fi mu dabbobin ban dariya? Ni da na iya zane giwan ruwa zan yi jarumi, yana zaune kogin Matan Fada na nan Argungu duk shekara masunta dubbai su faɗo ruwa da homa da gora ba su kama shi, in kwalekwale zai kife da yara shi ka tallabo shi, abin tsoronsa ɗaya a duniya ƙamshin man gyaɗa bisa wuta. Ku ce min ɗan Argungu ko Yawuri ba zai karance wanga ba har ya nemi na biyu.

Zainab mai zane, Kaura Namoda:
Kawu giwan ruwan nan ya kashe ni da dariya, a ba ni izini in zana. Sai dai Gizo ba jarumi ba ne fa, macuci ne mai ci shi kaɗai, in za a sa shi sai dai ya zama shi ne ke ɗaura zanin Ƙoƙi a wuya yana cewa shi ne mai ceton gari, in an tashi gudu shi ne gaba, Kunkuru ya zo a makare ya gyara ɓarnar a kuma yi wa Gizo kirari.
Anti maganar na Hausa kuwa ni ban ci karo da irinsa a shagunan littafi na Gusau ba, tatsuniya mai hoto ɗaya-ɗaya ake samu, kuma dalilin kuɗi ne, bugun kala tsada gare shi ga takarda ta hau, mai bugawa yana tsoron ya zuba jari iyaye su ce wasa ne. Abin da nake wa ƙannena, farar takarda A4 guda in ninke ta sau uku in tsaga tsakiya sai ta zama ɗan littafi mai shafi 8, in zana da baƙin biro in kai shagon fotokwafi. Rubutun da hannu nake yi da manyan baƙaƙe, ƙ da ɗ da ɓ duk su fito da lanƙwasarsu. Wani lokacin in bar zagayen maganar fayau su cike da kansu, nan ne za ki ga rubutun da malami ya yi wata yana roƙo bai samu ba, har faɗa suke a kan me Kura za ta ce.

Maman Sadiq, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Malam zan fara aro wajen maman yaron in duba kafin in sa kuɗina. Zainab ƙanwata don Allah in kin zana na giwan ruwan ki ɗauka a waya ki turo, akwai mai fotokwafi kusa da mu, kwafi biyu zan yi don ƙanwarsa ma ba za ta yarda a bar ta ba.

Ɗan Kabi, Argungu:
An ba ki izini ɗiyata, amma ki yi mai ƙaton ciki, kada ki zano min tarwaɗa.