Muhawara: Ɗan tauri na buƙatar ajinsa a D&D, ko reshe ya isa?

Sadiya: Jama'a, jarumin da Bashir ya zana mana na ɗan tauri ba zai shiga D&D Beyond a matsayin sabon aji, wato nau'in jarumi mai zaman kansa, ba. Shafin, wanda ake tsara jaruman D&D (Dungeons & Dragons, wasan tebur na labari da dayis) a cikinsa, yana barin mutum ya ƙirƙiri reshen aji, tsafi, dodanni da kayan sihiri, amma cikakken aji daga mataki na 1 zuwa na 20 babu ƙofarsa. Ni kuwa ina ganin ba mu yi asarar komai ba. Duk ajin da mutum zai ƙirƙiro, reshe zai iya ɗaukarsa.

Bashir: Anti Sadiya, a nan kam ban yarda ba. Reshe a jikin wani aji yake rataye, dole ya gaji duk abin da uwar ke da shi.

Sadiya: To ya gada mana. Dubi ajin Barbarian: idan ya fusata, sara da suka da duka rabin illarsu ce ke kama shi, ba ya buƙatar sulke, dayis ɗin da ake lissafa makin ransa da shi mai fuska 12 ne, mafi girma a wasan. Wannan ba ɗan tauri ba ne? Sauya suna kawai za ka yi.

Bashir: Wanda ya taɓa tsayawa a filin wasan tauri ya san da bambanci. Ana buga ganga, ana yi masa kirari, ya zaro wuƙa yana gurza ta a wuya da ciki. Abin da 'yan tauri ke faɗa shi ne ƙarfe ne ba ya cin su, ba a ce gora ba ta kama su ba. Fushin Barbarian kuwa har dukan sanda yake ragewa, kuma a ƙa'idar wasan ta 2014 minti ɗaya yake yi, sau biyu kafin dogon hutu a matakin farko. Nawa jarumin kariyarsa ba ta ƙarewa da minti ɗaya, makari ne ke karya ta. A kan makarin nan na gina ajin gaba ɗaya: maƙiyi ya gano shi, shi ke nan jarumi ya zama kamar kowa. Idan na rataya shi a Barbarian, takardar jarumin za ta ci gaba da nuna maɓallin fushi da ba ni da amfani da shi.

Malam Isa: Ku bar ni in sa baki a matsayina na mai jan wasan. Bashir, ra'ayinka ya burge ni, amma ka san nauyin da kake ɗorawa? Littafin 'yan wasa na 2014 aji 12 ne a ciki, sai a 2019 aka ƙara Artificer. Masu tsara wasan da kansu ba sa gaggawar fitar da aji, don mataki 20 ne za a auna ɗaya bayan ɗaya. Jarumin da takobi ba ya ci tun matakin farko zai sa sauran 'yan tebur su zama 'yan kallo.

Bashir: Malam, ai shi ya sa na ce a gwada. Kariyar a farko rabi ce, sai a mataki na 11 take cika, kuma wuta da guba da sihiri duk suna kama shi.

Hauwa: Ni abin da ban gamsu da shi ba shi ne a ce wai na'urar shafin ce ba za ta iya ɗaukar sabon aji ba. Blood Hunter na Matt Mercer cikakken aji ne, ba ya cikin littafin 'yan wasa, kuma yana nan a D&D Beyond. Ke nan hanyar tana nan, jama'a ne ba a buɗe wa ba.

Malam Isa: Ƙanwata, ma'aikatansu su gina aji ɗaya da hannu daban, buɗe wa kowa daban. Aji yana taɓa lissafin tsafi, haɗa aji biyu, ƙarin makin rai, komai. Reshe wuri kaɗan yake taɓawa.

Hauwa: Amma wasu sun yi, Malam. A Roll20, wani shafin buga wasan ta intanet, takardar jarumi ta ƙa'idar 2014 tana da inda za ka kunna aji naka, ka rubuta suna, ka zaɓi dayis ɗin rai da irin tsafinsa. Sauran baiwar da hannu za ka shigar. Foundry, wata manhajar buga wasan, ya fi haka: kana tsara abin da jarumi zai samu a kowane mataki, in ya hau sai ya shigo da kansa.

Sadiya: Foundry dala 50 ne, ko da yake sau ɗaya ake biya. Kuma sai kwamfutar wani ta zauna a kunne muna shiga ta cikinta, ko a yi hayar wurin ajiya. Wa zai ɗauki wannan da halin wutarmu?

Hauwa: To Roll20 kyauta ne.

Sadiya: Littattafan da muka saya fa suna D&D Beyond. Saboda jarumi ɗaya za mu kwashe kayanmu duka? Har yanzu ina kan bakana, reshe ya isa.

Malam Isa: Ba sai mun kwashe ba. Bashir, ka shigar da shi a Roll20 zuwa mataki na 5 kawai, ka turo mini makarin a ɓoye kada sauran su gani. Ranar Asabar zan haɗa shi da 'yan fashi masu takubba, biyu daga cikinsu da gora. Sadiya, ke kuma ki gina naki a matsayin reshen Barbarian, mu sa su a faɗa ɗaya.

Sadiya: Na amince, Malam, amma a daidaita makin ƙarfinsu tukuna.