Masara mai jure fari da gajiyar ƙasa: gaskiya ce ko talla?

Baba Manomi: Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna. Ana ta cewa masana sun fitar da irin masara mai jure fari, mai kuma yin albarka a ƙasar da ta gaji. Ni ban yarda ba. Masara shuka ce mai ci da sha. In babu ruwa babu taki, ko daga ina irin ya fito ba zai yi goyo ba. Ina tsoron a sa talaka ya saki takin da yake iya samu, ya dogara da abin da aka rubuta a jikin buhu.

Malamar Gona: Wa alaikumus salam Baba. Tsoronka yana kan hanya, kuma duk wanda ya ce iri zai maye gurbin ruwa ko taki bai faɗi gaskiya ba. Amma ka dubi yadda fari yake kashe masara. Sau da yawa ba bushewa take yi ta mutu ba. Za ka ga kara a tsaye, ganye da sauran kore, ka ɓare goyon ka tarar da totuwa da 'yan ƙwayoyi jefi-jefi, wani karan ma babu goyon sam. Dalili kuwa, namijin furen masara yana can saman kai, macen tana gefen kara, ita ce mai fitar da gemu. Idan ƙishi ya kama shukar lokacin fure, na sama yana fitowa kusan a kan lokacinsa ya zubar da garinsa, gemu kuma ya makara. Kafin ya leƙo garin ya ƙare. Kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake wakilta, wanda bai samu gari ba ya tafi a banza. Wannan tazarar ta 'yan kwanaki ita masu kyautata iri suka sa wa ido.

Baba Manomi: Wannan na sha ganinsa da idona, 'yata. To amma ta yaya mutum zai hana gemu makara?

Mai Nazarin Iri: Baba, bari in shigo nan. Ba hana shi ake yi ba, zaɓe ake yi. Cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke ƙasar Meziko ta fara wannan aiki tun shekarun 1970, a gonar gwajinta ta Tlaltizapán, inda rani ba ya ruwa. Sai su shuka da ban-ruwa, su yanke ruwan da gangan yadda ƙishi zai kama masarar daidai lokacin fure. A cikin ɗaruruwan dangi, waɗanda gemunsu ya fito da wuri kuma suka riƙe ƙwaya su ake ɗauka a haɗa su aure, a sake shukawa, a sake yanke ruwa. An yi haka zagaye 8 da wata masara da suka kira Tuxpeño Sequía. Sakamakon da masu binciken, Bolaños da Edmeades, suka wallafa a 1993 ya nuna ƙarin kusan kilo 100 a kowace hekta a kowane zagaye. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shukar ba ta ƙara girma ba. Furen saman ma ƙanƙancewa ya yi. Ɗan abincin da take haɗawa ne ta koma tura wa goyo maimakon kai da kara.

Alhaji Mai Dawa: Kilo 100 a hekta? Malam, wannan ai bai kai a yi ta shela ba. Kuma ni tambayata daban ce. Allah ya ba mu dawa da gero, waɗanda tun asali suka saba da fari. Me ya sa za a kashe shekaru ana lallaɓa masara ta zama abin da ba ita ba? A inda damina ba ta da tabbas a bar masara kawai.

Mai Nazarin Iri: Alhaji, kilo 100 a zagaye guda ne, ka tara takwas. Ga wanda fari ke bar masa tan 1 ko 2 a hekta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Batun dawa da gero kuwa ina tare da kai a wuraren da ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai. Sai dai miliyoyin mutane a gabashi da kudancin Afirka da tsakiyar Amurka masara suke shukawa, ita za su ci gaba da shukawa, kuma mafi yawansu ruwan sama kaɗai suka dogara da shi.

Ɗaliba: Don Allah Malam, wannan ba shi ne irin da ake sauya wa ƙwayar halitta ba?

Mai Nazarin Iri: A'a ƙanwata. Akwai wancan, wanda kamfanin Monsanto ya sa wa ƙwayar halittar wata bakteriya, amma hanyarsa daban. Wanda muke magana a kai zaɓe ne da haɗa aure tsakanin masara da masara.

Baba Manomi: To na ji na fari. Na ƙasa fa? Nan ne ba za ku iya kare kanku ba. Masara ba wake ba ce, ba ta ƙera naitirojin, sinadarin nan da shuka ke samu daga taki. Abin da babu a ƙasa daga ina za ta samo shi?

Malamar Gona: Ba za ta samo ba, Baba. Abin da ake nema shi ne wadda za ta fi cin moriyar ɗan abin da ke akwai. Yadda ake gwajin ma abin lura ne: ana gajiyar da fili da gangan, a yi ta shuka babu taki ana kwashe kara, har ƙasar ta koma kamar ta ƙaramin manomi, sannan a jera iri a ciki. A nan za ka ga bambanci ƙuru-ƙuru. Wani layin ganyensa na ƙasa ya yi ɗorawa ya ƙone tun kafin ƙwaya ta cika, na kusa da shi yana nan kore yana ciyar da goyo. A da a gonar da ta ƙoshi da taki ake zaɓen iri, a ɗauka wanda ya yi fice a can zai yi fice ko'ina. Wata mai bincike a CIMMYT, Marianne Bänziger, da abokan aikinta sun nuna cewa idan ƙasa ta gaji sosai wannan zato ba ya tsayawa. Sun kuma gano a 1999 cewa masarar da aka zaɓa don fari tana ƙara amfani a ƙasa mai ƙarancin naitirojin, domin yunwa ma tana jinkirta gemu tana zubar da ƙwaya kamar yadda ƙishi ke yi.

Alhaji Mai Dawa: To ga inda nake jin zafin abin, Malama. Kowane tan na ƙwayar masara yana fita da wajen kilo 15 na naitirojin daga gona. Irin da ya fi iya tatsar ƙasa, ba shi zai fi saurin ƙarasa ta ba? Bana a yi murna, bayan 'yan shekaru gonar ta koma ta wuta-wuta.

Malamar Gona: Wannan gaskiya ce, Alhaji, ba ni da ja. Ƙarin amfani yana nufin ƙarin abin da ya bar gonar. Dole a mayar mata, da takin zamani ko na dabbobi ko juya shuka da wake da waken suya. Shugabannin Afirka da suka taru a Abuja a 2006 sun sa burin kai taki kilo 50 a hekta saboda a lokacin matsakaicin bai wuce kilo 8 ba. Amma ka duba ta ɗaya gefen. Mai tsoron fari ba ya son zuba taki, don in ruwa ya ɗauke ya yi asara biyu. Irin da ke rage wannan haɗari shi ke ba shi ƙarfin halin zubawa.

Ɗaliba: Mai saurin nuna fa? Na ji ana kiransa mai jure fari shi ma.

Mai Nazarin Iri: Shi tsere wa fari yake yi. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar da masu nuna a kwana 80 zuwa 85, suna gamawa kafin damina ta janye. Amma in ruwa ya ɗauke a tsakiya, daidai lokacin furensu, saurin ba zai cece su ba, shi ya sa ake haɗa musu halayen biyu. A shirin samar da masara mai jure fari mai suna DTMA, wanda CIMMYT da IITA suka gudanar a ƙasashe 13 na Afirka har zuwa 2015, an fitar da iri masu aure da kuma waɗanda manomi zai iya ajiyewa ya sake shukawa.

Baba Manomi: Na gemu na karɓa, don na san shi. Na ƙasa har yanzu ina tare da Alhaji. Kuma ina roƙonku, ku da kuke magana da manoma, ku riƙa faɗa musu wane ne mai aure, don kada mutum ya ajiye 'ya'yansa ya shuka baɗi ya ga amfani ya ragu ya rasa dalili. Ni dai sai na shuka shi gefe da gefe da nawa, taki ɗaya rana ɗaya, a gonar da na san ta gaji.

Malamar Gona: Haka ya kamata, Baba. Ka yi fiye da damina ɗaya, domin in shekarar ta zo da ruwa wadatacce ba lallai ka ga bambancin da ake magana a kai ba.